Ku ƙyale masu tseren Pokémon, ba su ne matsalarmu ba

Jama'a, yau dai sai na faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji.

Daga Yelwa har Gubi, har Gwallameji wajen 'yan Poli, duk hostel ba ka rasa mutum ɗaya ko biyu da suka duƙufa kan tsohon gem ɗin Pokémon a laptop ko a waya, agogo na gudu a gefe, suna son gama shi cikin ƙanƙanin lokaci. Sunan da muka ba su kenan: 'yan wasan yara. Wai ƙato da gemu yana kama dodanni. To ni tambayata ɗaya ce: mai wannan dariyar, me ke cikin aljihunsa? Sau da yawa tikitin caca ne, wasa goma sha biyar, ɗaya ya yanke. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari in fara da bayanin abin, don yawancin masu zagin ba su san me suke zagi ba.

Gem ɗin ya fito a Japan ranar 27 ga Fabrairu 1996, kamfanin Game Freak ya ƙera shi, Nintendo ta sayar, a kan na'urar hannu mai suna Game Boy. Wanda ya kawo tunanin, Satoshi Tajiri, yaro ne da ya tashi yana kamun ƙwari a bayan gari, kamar yadda muka yi kamun fara da gyare. Halittu 151 ne a ciki. Ka kama, ka horar, ka ci shugabanni takwas, ka ci manyan gwanaye huɗu, sannan ka kayar da abokin hamayyarka. Mutum na yau da kullum sai ya yi kwanaki ko makonni a kai. Masu tseren nan kuwa, gwanayensu na duniya suna gama Pokémon Red ƙasa da awa biyu, ba tare da sun yi amfani da ɓarakar da ke karya gem ɗin ba. A rukunin da aka yarda a karya shi kuma, ƙasa da minti biyu an gama.

Ba saurin yatsa ba ne, wallahi. Karatu ne.

Ga misali. A gem ɗin akwai hari da aka rubuta cewa ɗari bisa ɗari yake samun abokin gaba, amma lokaci-lokaci sai ya kuskure. Masu tsere suka tono dalili. Na'urar tana ajiye ɗari bisa ɗari a matsayin lamba 255, sai ta zaɓo wata lamba tsakanin 0 da 255, kuma dole lambar ta kasance ƙasa da 255 kafin harin ya ci. Ranar da 255 ɗin kanta ta fito, an kuskure. Sau ɗaya cikin 256 kenan. Ɗan lebel ɗaya a kwamfuta zai gane wannan: bambancin "ƙasa da" da "ƙasa da ko daidai da". Alama ɗaya a cikin kod, amma tana iya rusa wa mutum tseren awa ɗaya da rabi.

Ga wani. Akwai hari mai suna Horn Drill da ke kashewa bugu ɗaya, sai dai kusan sau uku cikin goma kawai yake samu. Suka gano cewa in ka sha wani magani na cikin gem ɗin, X Accuracy, na'urar ba ta ma duba ko an kuskure. Muddin ka fi abokin gaba sauri, ya faɗi. Shi ya sa suke kama Nidoran tun farkon hanya, su mai da shi Nidoking da dutsen wata, su ratsa kusan dukkan gem ɗin da shi kaɗai. Har ma da gangan suke barin ransa ya kusa ƙarewa, domin ƙarar gargaɗin da ke tashi tana danne kukan dodanni, ba a tsayawa jiran sa, a samu rarar daƙiƙoƙi. Wannan lissafin kasada ne: nawa zan samu, nawa zan iya rasawa.

Sai kuma MissingNo, dodon da babu shi a lissafi. Gurabe 190 aka tanada, 151 aka cike, saura 39 fanko. In ka bari wani tsoho ya koya maka kamun dodo, gem ɗin yana ɗora sunanka na ɗan lokaci a wurin da yake ajiye jerin dodannin daji. In ka wuce gaɓar tsibirin Cinnabar kafin a goge wurin, sai ya karanta haruffan sunanka a matsayin dodanni. Malam, wannan shi ne darasin ma'ajiyar kwamfuta da ake zana mana a allo muna hamma. Wasu sun kwance gem ɗin gaba ɗaya, layi bayan layi, sun ajiye a GitHub da sunan pokered, kowa na iya karantawa kyauta. Na'urar da take ɗauke da duk wannan, ma'ajiyar aikinta kilobayit takwas ce. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka ta sau ɗaruruwa.

Yanzu ku zo mu yi maganar da ta fi ciwo. A duniyar masu tsere, ba a yarda da "na yi". Sai ka ɗauki bidiyo daga farko har ƙarshe, ka tura shafin speedrun.com, masu tantancewa su duba. In aka kama ka ka haɗa bidiyo biyu, an goge sunanka, kunyar kuma ta bi ka. Wanda ya gano sabuwar hanya ba ya ɓoyewa, rubutawa yake kowa ya gwada, har wanda zai karya masa tarihi gobe. Mu fa? Kowa ya san yadda furojet yake tafiya a manyan makarantun ƙasar nan: a sauko da na wani daga intanet, a canza suna da sunan gari, a kai wajen masu bayindin. Ranar difens a tambayi mutum me layi na goma yake yi, ya fara kallon silin. Tsakanin wanda ya sake gwaji sau ɗari uku don ya rage daƙiƙa biyar, da wanda ya sayi babi biyar, wane ne yake wasan yara?

Na san abin da za a ce. Za a ce ai malamai a Saudiyya sun yi fatawa a kan Pokémon tun 2001. Gaskiya ne, kuma ba na wasa da maganar malamai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya bi abin da aka faɗa masa, babu mai tilasta shi. Amma don Allah mai kawo wannan hujja ya karanta dalilan. Cikin manyansu akwai kama da caca, musamman a wasan katinsa. In tsoron caca ne ya sa ka kawo fatawar, to fara da tikitin aljihunka, wanda babu malami ɗaya da ya yi saɓani a kansa. Mai tsere ba ya sa ko kwabo. Data ma ba ya ci in an riga an sauke shi.

Za a ce ɓata lokaci ne. Eh, komai na iya zama ɓata lokaci. Wanda ya bar salla ta wuce saboda yana gab da karya tarihinsa ya yi asara. Wanda ya kwaso kariyoba saboda Nidoking, babu ruwana da kare shi. Amma mu auna da mudu ɗaya. Wasan Firimiya ɗaya a gidan kallo, da zuwa da dawowa da musun bayansa, ya fi tsere guda tsawo. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna gida. Kowa ya tambayi kansa da me ya dawo.

Za a ce ba ya amfanar kowa. Tun 2010 masu tseren gem suke taron Games Done Quick a Amurka, ana kallo kai tsaye ana ba da sadaka, kuma sun tara miliyoyin daloli. Taronsu na bazara ƙungiyar likitocin nan ta MSF yake tara wa kuɗi, ƙungiyar da a nan jiharmu take jinyar yara masu tamowa a Kafin Madaki. Wane gidan caca ne za a faɗi haka a kansa?

Abin da ya fi damu na shi ne ɗabi'ar da ke bayan dariyar. Mu a Arewa, duk wanda ya tsaya ya ƙure abu ɗaya da bincike, in dai ba a ga kuɗi a ciki yau-yau ba, sai mu ce ya samu matsala. Sannan mu dawo Facebook muna kukan an bar mu a baya a harkar fasaha. Ta yaya ba za a bar mu ba, alhali yaron da ya fara tambayar "me ya sa na'urar ta yi haka?" mun kashe masa gwiwa tun a hostel?

Ku kuma 'yan tsere, ba a kanku kaɗai zan tsaya da yabo ba. Ku daina ɓuya. In kun iya hanyar, ku buɗe kod ɗin ku karanta dalilinta. Ku zauna da 'yan kwamfuta da 'yan lantarki da 'yan lissafi, ku nemi aji ɗaya ranar Asabar, a haɗa laptop da majigi, ɗaya na gudu ɗaya na bayani da Hausa. Ku gayyaci masu dariyar su zauna a gaba. In an tashi, a tambaye su ina aka samo ɗaya cikin 256.

Wanda bai yarda ba, ga fili nan, ya zo da hujja. Zagi dai a bar shi a gida.