Kafin ku sayi akwatin sauti, ina kaset ɗin iyayenku?

'Yan'uwa mazauna zango, wata sabuwar ɗabi'a ta shigo gidajen masu hali daga cikinmu. Ana sayen akwatin sauti mai haɗuwa da intanet ɗin gida, yana janyo waƙa daga Tidal ko Qobuz ya miƙa wa lasifika. Mai gida kuma yana alfahari cewa sautinsa na bit 24 ne, ya zarce na faifan CD mai bit 16. Ba ma ƙin ci gaba. Tambayarmu ɗaya ce: muryar wa kuke ji da shi?

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Abin da yawancinmu ke riƙe da shi na waƙoƙinsu MP3 ne da ya sha yawo a WhatsApp. Shi kuwa MP3, wajen matse shi ake zubar da wani sashe na sautin, kuma babu na'urar da za ta maido da amon kotso ko kalangun da aka riga aka zubar, komai tsadarta.

Alhali kaset-kaset na nan jibge cikin adakar iyayenmu, danshin damina na cin su. Mu tattaro su, mu juye su zuwa FLAC, tsarin da ba ya rage komai daga abin da aka ɗauka, mu adana a ma'ajiyar gida inda akwatin zai same su. Da tsohuwar zuma ake magani. In muka yi sakaci, jikokinmu za su gaji lasifika, su rasa muryar kakanninsu.