Sarkin Ƙarshe na Saxe-Coburg da Gotha: A Tausaya Masa?

'Yan'uwana ɗalibai, ku dubi Charles Edward, jikan Sarauniya Victoria ta Ingila. Yana ɗan makarantar Eton dangi suka tura shi Jamus, ya gaji sarautar Saxe-Coburg da Gotha a 1900, yana da shekara 16. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai ya bi bayan Jamus. A 1918 juyin juya hali ya kawar da gadon sarautar, a 1919 Ingila ma ta ƙwace muƙamansa.

Wasu na cewa abin tausayi ne, tunda ba shi ya zaɓa ba. To, na yarda, yaron bai da laifi. Amma wanda ya shiga jam'iyyar Hitler a 1933 fa? Dattijo ne mai kusan shekara 50, kuma da ƙafarsa ya je.