RA'AYINMU: A Ba Jama'a Ikon Itatuwansu

Duk shekara, hunturu na kamawa sai wutar daji ta tashi. Maharbi ya cinna wuta saboda gafiya ɗaya, ta lashe ɗorawa da kaɗanya, har da dawar da ba a kai rumbu ba. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai, amma malamin daji guda ba zai iya tsare ƙauye ashirin ba.

Mu dubi maƙwabtanmu na Nijar. A 1983, a Maradi, Tony Rinaudo na mishan SIM ya fara koya wa manoma renon tohon kututture maimakon sassabe shi. Dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa ikon manomi bisa itacen gonarsa. Itatuwa wajen miliyan 200 suka farfaɗo, domin mai abu ba ya zuba ido kayansa su ƙone.

Saboda haka muna roƙon Majalisun Dokokin jihohinmu su damƙa wa ƙauyuka ikon dazuzzukansu, su kuma ware kuɗin share gefen daji kafin ciyawa ta bushe. Fastoci da dattawan ikkilisiya, ku kai wannan magana gaban wakilanku. Amanar da Ubangiji ya ba Adamu a gonar Aidan tana wuyanmu har yau.