Kiɗa Ne Ko Hayaniya?

Ran Asabar da ta wuce malamin waƙa ya tara mu a babban ɗaki, ya sa mana wani kiɗan Turawa. Ba a yi minti ɗaya ba dariya ta ɓarke. Wani ya ce injin niƙa ne ya lalace, wani ya ce zuma ce ta tashi. Ni ma na yi dariya, amma da na kwanta na yi tunani, sai na ga ba mu kyauta ba.

Wanda ya tsara kiɗan nan sunansa Penderecki, mutumin ƙasar Folan, wanda ya rasu cikin 2020. Cikin 1960 ya rubuta shi domin goge 52 irin na Turawa, manya da ƙanana. Ya sa makaɗa su yi abin da ba a koya musu a makaranta ba. Wani lokaci su goga tsirkiya ta bayan jaki, wato ɗan katakon da ke ɗauke da ita, wani lokaci su ƙwanƙwasa jikin gogen da yatsa, ko kuwa kowa ya ja murya mafi siranta da gogensa ke iya fitarwa. Maimakon ƙidayar da muka saba da ita cikin littafin waƙoƙi, da sakan ya ke auna tsawon kowace murya. Da fari ma bai ba kiɗan wani suna ba sai tsawonsa, minti 8 da sakan 37. Sai da ya ji an kaɗa shi sa'an nan ya kira shi makokin mutanen Hiroshima, garin nan na Japan da Amurka ta jefa wa bom cikin 1945.

Na san za ku ce ai kiɗa domin daɗin kunne a ke yinsa. To, amma wa ya taɓa shiga gidan da aka yi rasuwa ya ce kukan ba shi da daɗi? Mai son ya nuna tashin hankalin mutanen da wuta ta cinye, ba zai yi shi da muryar waƙar biki ba.

Ga abin da ya fi damuna. Sa'ad da mu ke yara aka koya mana waƙa da murya huɗu, aka kuma ce mana gogen ƙasarmu hayaniya ne kawai, muka yarda. Wanda ya faɗa mana haka bai taɓa zama ya saurari mai goge ba. Ashe ran Asabar irin hukuncinsa muka yanke. Ga shi kuwa mu ne malaman gobe, abin da muka raina shi yaranmu za su raina.

Ban ce dole kowa ya so kiɗan nan ba. Roƙona dai a sake sa mana shi, mu yi shiru mu ji har ƙarshe, sa'an nan mai yabo ya yaba, mai kushe ya kushe, kowa da dalilinsa.