Ba kowane ƙwaro ne ɓarawon shinkafa ba

'Yan'uwa dillalai da fatake na kasuwannin Yelwa, Wara da Shanga, muna da magana a kan kuɗin da muke ba manoma bashi kafin shuka, su biya mu da shanshera in an yi girbi.

Tun da anka gama madatsar Kainji a 1968, bakin ruwan nan ya zama wurin noma duk shekarar da ruwa ya ja baya. Shinkafa kuwa ta ƙara daraja tun 2015, lokacin da gwamnati ta buɗe shirin rance ga manoma a Birnin Kebbi. To, sai wata al'ada ta shigo mana: mai ba da bashi ya haɗa wa manomi taki da kwalaben maganin feshi, ya ce a fesa ko an ga ƙwari ko ba a gani ba. Mu ma mun yi haka, muna zaton kuɗinmu muke tsarewa. Kuskure ne.

Ku shiga fadama da hantsi, ku duba. Mazari na shawagi bisa ruwa yana cafke ƙananan ƙwari. Ƙoƙi-ƙoƙi ya laɓe a ganye. Zanzaro na kwasar tsutsa zuwa ɗakinsa, ga kuma gizo-gizo ya shimfiɗa saƙa. Waɗannan masu gadi ne da ba su karɓar ko kwabo. Tsutsar da ke sa zangarniya ta fito fara fat babu ƙwaya, cikin kara take zaune, feshi bai cika isa gare ta ba. Masu gadin nan kuwa a fili suke, su ne magani ke fara kashewa. Ka ga an kori mai gadi, an bar ɓarawo a ɗaka.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A ƙasar Indunusiya yawan feshi ya sa wani ƙwaro mai tsotse shinkafa ya yi ambaliya, har a 1986 Shugaba Suharto ya hana magani iri 57 a gonakin shinkafa, anka koma koya wa manomi sanin aboki da maƙiyi a gonarsa.

Ba mu ce a jefar da magani ba. In ɓarna ta fi ƙarfin masu gadi, a fesa, da shawarar malamin gona. Amma masana shinkafa sun ce ganyen da tsutsa ta ci a kwana 40 na farko, shuka kan mayar da shi da kanta. Kuma ruwan da ya wanke gona tafki yake komawa, inda Sarkawa ke kamun kifin da muke ci.

Shawararmu ga duk mai ba da bashi: kada ya sa kwalba cikin sharaɗi. Ya bar manomi ya duba gona tukuna. Kowace kwalba da anka fesa a banza bashi ce a wuyan manomi, in buhu ya zo da holoƙo kuwa, a mudunmu asarar za ta bayyana.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau.