Filin Kimiyya: Kifin da ake yi wa allurar rigakafi

Kusan dukkanmu mun taɓa tsayawa a layi aka yi mana allurar rigakafi. To, a ƙasar Norway da ke arewacin Turai kifi ma ana yi masa, kuma ɗaya bayan ɗaya. Wannan makon za mu ga yadda aka kai ga haka.

Kifin da muke magana a kai shi ne salmon. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, sannan ya dawo kogin ya yi ƙwai. A shekarar 1970 wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba 'ya'yan salmon cikin kejin raga a teku kusa da tsibirin Hitra. Daga nan sana'ar ta bunƙasa, har a yau Norway na samar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara.

Matsalar farko ita ce jinkirin girma. A 1971 masana suka fara tattaro ƙwai daga koguna kusan 40, suka kai su cibiyar bincike a garin Sunndalsøra. Suka ware kowane dangi daban, suna auna nauyinsu, suna zaɓar waɗanda suka fi saurin girma su zama iyaye. Dabarar da manomi ke yi ke nan idan ya ware zangarniya mafi kyau don iri. Bayan zaɓe sau biyar, daga iyaye zuwa 'ya'ya, saurin girman kifin ya ninka.

Sai cuta ta shigo. Idan an cusa dubban kifaye wuri guda, cuta takan bazu nan da nan. A 1987 gonakin kifin Norway sun yi amfani da kusan tan 50 na magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Haɗarin shi ne, idan ana yawan amfani da maganin, ƙwayoyin cutar sukan saba da shi, ya daina yi musu komai, kuma wannan na iya shafar mutane ma. Mafita ita ce rigakafi. Kafin a kai ƙaramin kifi teku, sai a sa shi cikin ruwan da ke da maganin sa barci, a yi masa allura a ciki, a mayar da shi ruwa ya farfaɗo. Amfani da waɗancan magunguna ya ragu da kusan kashi 99 cikin ɗari, alhali yawan kifin ya ninka fiye da sau ashirin.

Akwai kuma wata cutar bairas mai suna IPN da ke kashe 'ya'yan kifi. Wajen 2008 masana a Sikotland da Norway suka gano cewa wuri guda ne a cikin ƙwayoyin gadon kifin ya fi tasiri kan ko zai jure wa cutar. Daga nan aka riƙa gwada iyayen kafin a haɗa su, cutar kuwa ta ragu ƙwarai. A 2016 aka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon salmon baki ɗaya.

Batun abinci ne ya fi kusa da mu. Salmon kifi yake ci. A 1990 kusan kashi 90 cikin ɗari na abincinsa garin kifi ne da man kifi, wato sai an kamo ƙananan kifaye an niƙa. Yanzu fiye da kashi 70 daga tsirrai ne, irin su waken soya da alkama. Sai dai hakan ya rage sinadarin omega-3 mai amfani ga zuciya da ke jikin kifin. Asalin sinadarin daga ƙananan tsirran teku masu kama da gansakuka yake, don haka masana ke noma su kai tsaye, suna kuma gwada garin tsutsar ƙuda.

Me ya sa abin ya shafe mu? A gaɓar Mauritaniya da Senegal da Gambiya akwai masana'antun da ke niƙa sadin da bonga su fitar da garin waje, alhali kifin da talaka ke iya saya ke nan. Duk binciken da ya rage buƙatar garin kifi yana barin kifi a tukunyar wani gida a Afirka ta Yamma. Masu kiwon tarwaɗa a unguwanninmu ma za su gaya muku abinci ne ke cinye mafi yawan jarinsu.

Ba a gama aikin ba. Ƙwarƙwatar teku, wadda ke cin fatar kifi, na nan tana ɓarna duk da ana sa wasu ƙananan kifaye su tsince ta, ana kuma harbinta da hasken leza. A 2023 salmon fiye da miliyan 60 suka mutu a kejunan Norway kafin lokacin kamu.

Tambayar mako: idan mai kiwo ya riƙa zaɓar iyaye kaɗan daga dangi ɗaya shekara bayan shekara, wane haɗari zai biyo baya? Ku tattauna da malaminku na Bayoloji, amsa na tafe a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.