Shin Gani Ya Kori Ji?

Bahaushe na cewa gani ya kori ji, shi ya sa ganau ya fi jiyau daraja a gaban alƙali. Ba na ja da hikimar magabata, sai dai binciken masana ya nuna cewa ido ɗan aike ne kawai. Ƙwaƙwalwa ce ke gani, ita kuwa ba duk saƙon da aka kawo mata take karɓa ba.

A shekarar 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna wa mutane bidiyon wasu matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan. Ana cikin haka sai wata mata sanye da shigar goggon biri ta ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba, domin hankalinsu na kan ƙirga. A 2013, Trafton Drew da abokan aikinsa suka saka surar goggon biri cikin hoton huhu, suka ba ƙwararrun likitoci 24 su nemo alamun ciwon daji. Ashirin ba su lura da shi ba, alhali yawancinsu idonsu ya sauka a kansa.

Wannan aikin hankali ke nan: abin da bai nema ba, yakan zubar. Tsammani kuma ƙari yake yi. Tun ƙarni na 19 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya bayyana cewa saƙon ido guntu-guntu yake zuwa, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ta saba ko take zato, ba tare da mai ita ya sani ba.

A nan damuwata take. Da zarar an yi ihun ɓarawo a kasuwa, an riga an gaya wa ƙwaƙwalwar jama'a abin da za ta gani. Mai gudun tsoro sai ya zama mai gudun laifi, wayar da ke hannunsa da almuru ta zama wuƙa. Wanda ya rantse ya gani ba lallai ƙarya yake ba. Yana iya zama mai gaskiya kuma ya yi kuskure.

Don haka, kafin a ɗaga sanda ko a yanke hukunci, a tambayi ganau abu biyu: ina hankalinka yake a lokacin, kuma me aka gaya maka kafin ka duba? Rai ya fi ƙarfin a salwantar da shi bisa kallo ɗaya.